Fararen Duwatsu a Gonar Surukina

Ba zan taɓa mantawa da kakar da na koyi kallon taurari ba, kuma ko na so in manta, mutanen garin su matata ba za su bari ba. Har yau in na sauka daga kan babur a bakin kasuwarsu, sai an sami wani ɗan rainin wayo ya ɗaga kai sama da rana tsaka, ya kare ido da tafin hannu, wai yana duba ko tauraruwa ta fito. Ni dai sai in sunkuyar da kai in wuce, don babu wanda ya jawo mini sai ni.

Malamin kimiyya ne ni a ƙaramar sakandare. A Gummi na fara aiki, a can kuma wani ɗan bautar ƙasa da zai koma garinsu ya bar mini madubin hangen nesa, wani farin bututu mai ƙafafu uku, don ya rasa yadda zai yi da shi a mota. Da shi na ga ramukan da ke jikin wata, na kuma gane ashe Kaza da 'Ya'yanta ta fi abin da ido ke nunawa yawan 'ya'ya nesa ba kusa ba. Daga nan ciwon ya kama ni. Na shiga wani zaure a waya na masu irin wannan lalura, su kuwa suka ce mini kallon wata ai wasan yara ne. Gwani shi ne mai iya ganin abubuwan da suka dusashe, wato tarin taurarin nan masu nisan da haskensu ke yin miliyoyin shekaru kafin ya iso, ya iso kuma a galabaice. Irin waɗannan ba sa ganuwa a Gummi, inda kowane mai shayi ke da fitilar sola, kowane mai hali ke da janareta.

Ana haka aka yi mini canjin wurin aiki zuwa wani ƙauye a ƙasar Bukkuyum, kan hanyar Adabka. Abokan aiki suka yi ta yi mini jaje saboda munin hanya da halin da daji ke ciki. Ni kuwa a zuciyata murna nake yi, don garin ko turken wuta babu. (Ka ji mutum. Jama'a na kukan duhu, shi duhun ya zo nema.) Matata Luba ma ta yi murna, amma ita tata murnar mai hankali ce: garinsu ne, za ta zauna kusa da Innarta.

Bari in gaya maka wane ne surukina, don in ba ka san shi ba, ba za ka gane girman abin da na yi ba. Baba manomi ne, mutum mai ƙarancin magana. Da yana da manyan gonaki can wajen Gwashi, ɓarayin daji suka hana zuwa, ya haƙura da su. Guda ɗaya ta rage masa, a bayan gari kusa da filin idi, kuma daga ita gidansa ke ci: shi da Inna da marayun da babban ɗansa ya bari. Tun shekarun da gubar dalmar da ke cikin dutsen zinare ta yi ta ɗaukar yara a ƙasar nan, ta haɗa da wata jikarsa, ya rantse ba za a ƙara shigar masa da dutsen zinare gida ba. Gari duka ya tafi ramin haƙar zinare, shi ya tsaya da fartanyarsa. Na ma ji an ce abin da ya sa ya ba ni Luba ba gardama shi ne ni ba mahaƙi ba ne, ba kuma mai saye ba. “Ɗana” yake ce mini.

To, ganin abu mai dusasshen haske yana da ƙa'idoji, kuma kowace ƙa'ida a cikinsu in ka gan ta daga nesa sai ka ce mai yin ta ba shi da gaskiya. Ido sai ya jima cikin duhu kafin ya buɗe, kamar tsawon lokacin da za ka dama fura ka sha ka huta, kuma walƙiyar tocila ɗaya ta isa ta mayar da kai farko. Don haka na ɗaure bakin tocilata da jar leda, saboda jan haske ba ya ɓata ido. Na karɓi wani tsohon baƙin hijabin Luba ina lulluɓe kaina da shi tare da bakin madubin. Sannan babbar dabarar: ba a kallon abin kai tsaye. Tsakiyar ido ba ta jin haske mai rauni, sai ka kalli gefensa kaɗan, ka ɗan taɓa bututun ya motsa, sai abin ya bayyana a wutsiyar idonka.

A cikin irin tarin taurarin nan, Andiromeda, wadda kowane sabon shiga ke farawa da ita, ban sha wahalarta ba. Amma a ƙasa da ita akwai wata da 'yan zauren namu ke kira da lamba kawai, Talatin da Uku. Faffaɗa ce, sai dai haskenta ya baje har kusan babu. Wani a zauren ya ce shi ya shekara yana nemanta. Na ƙudura a raina ni ɗan ƙauyen Zamfara sai na riga su.

Cikin gari abin ya gagara, kowa da tocilarsa a hannu. Sai na tuna a tsakiyar gonar Baba akwai wani ɗan fako da ba ya fid da komai, ga dawa ta yi tsawo ta kewaye shi ta tare duk wani haske. Da ina da wayo da na je na durƙusa gaban tsohon na yi masa bayani da bakina. Amma ina, suruki ne, da wane ido zan ce masa ina son in riƙa shiga gonarsa da dare ina leƙen sama? Na aiki Luba. Ita ma nauyin maganar ya kama ta, ta ce masa kawai Malam yana son wuri mai shiru bayan isha'i don karatunsa. Baba ya ce gona ai tawa ce, ɗa ba ya neman izini.

Tun da ba na kunna fitila, na yi ta tuntuɓe ina karya masa kara. Sai dabara ta zo mini, irin dabarar da har na yaba wa kaina. A bayan injin niƙan dutse akwai tulin fararen duwatsun da mahaƙa suka zubar. Na cika buhu, na jera su layi guda tun daga bakin gona har fakon, don fari yana ɗan ganuwa cikin duhu, na kuma ajiye manya uku inda ƙafafun madubin ke tsayawa. Duk yaron da ya tashi a ƙasar Anka da Bukkuyum ya san farin dutse a jere shi ake kira jijiya, shi mahaƙa ke bi su kai ga zinare. Ni da nake tsayawa gaban allo ina koyar da ire-iren duwatsu, ko sau ɗaya abin bai faɗo mini a rai ba.

Wani dare na gama zaman jiran ido ke nan, sai aka dallare ni da tocila. Ɗan'ige ne, ɗaya daga cikin 'yan sa-kai masu zagayen gari. Ka ƙiyasta abin da ya gani: mutum lulluɓe da baƙin ƙyalle, jar fitila a hannu, farin bututu a kan ƙafafu, ga layin farin dutse ya ratsa gona. Maimakon in yi sallama, tsawa na daka masa ya kashe wutar, na ce ya ɓata mini aikin dare guda.

Ya kashe, ya ce a hankali, “Malam, kai na? Mi kaka biɗa cikin gonar tsoho?”

Na ce bincike nake yi, ba abin da zai gane ba ne. Na ƙara da roƙonsa kada ya gaya wa kowa, don ni a lissafina in mutane suka ji za su cika wurin da fitilu. Ya ce amana ce, bakinsa a rufe. Na san dai kafin sallar asuba amanar ta zaga gari.

Daga nan duniya ta canza mini. Mai shayi ya fara zuba mini madara da hannu sake. Samarin da ba su taɓa tashi don ni ba suka koma ce mini Injiniya. Wani baƙo mai sayen zinare daga Anka ya tare ni a hanya, ya gaishe ni da hannu biyu, ya ce in ina da buƙata kada in ji nauyi. Luba ta dawo daga gidan suna ranta a ɓace, ta ce mata na ta maganar wai mijinta yana da na'urar da ke ganin ƙarƙashin ƙasa.

Ta ce, “Malam, ka tahi ka gaya ma Baba da bakinka, tun bai ji ga wani ba.”

Na yi dariya, na ce jahilci ne, zai wuce. Nan ne wurin da ya fi yi mini ciwo in na tuna, don gaskiyar magana daɗi nake ji. Shekara da shekaru ina cin alli babu mai kallona, yau ga dattawa na matsa mini a kan tabarma. Na san da na tsaya a ƙofar masallaci na ce jama'a taurari nake kallo, da an yi dariya an watse, da kuma na koma malamin nan da ba a sani ba. Sai na yi shiru. Har na fara naɗe bututun cikin bargo ina tafiya da shi a hankali kamar mai ɗauke da jariri, in an gaishe ni in amsa da ka.

A ƙarshen wata, da sama ta yi baƙi ƙirin babu gajimare, na gan ta. Na lulluɓe, na jira, na kai madubin inda ya kamata, babu komai. Na kawar da ido gefe, na ɗan taɓa bututun, sai ga wani ɗan fari-fari ya motsa tare da taurari. Na kalle shi kai tsaye, ya ɓace. Na sake kawar da ido, ya dawo. Wallahi sai da hawaye ya zubo mini, don ban taɓa jin ƙanƙantata da girman Mahalicci kamar lokacin ba. Na yaye hijabin, na faɗi na yi sujadar godiya, goshina a kan fakon nan tsakanin duwatsu uku. Ban san akwai mutane kwance cikin dawa suna kallona ba, ashe sun kwana biyu suna yi. Su abin da suka gani shi ne Injiniya ya duba na'ura, ya yi kuka, ya sa goshi a ƙasa.

Washegari na tafi Gummi wani taron horar da malamai na mako guda da 'yan kwanaki. Garin su Luba sai an hau tudu ake samun layin waya, don haka ban ji komai ba. Ran da zan dawo, tun daga mararraba na ga hanya cike da maza, kowa da diga da shebur da buhu. Ɗan kabu-kabun da ya ɗauko ni, wanda bai san ni ba, shi ya ba ni labari da murnarsa: zinare ya fashe a gonar wani tsoho, wani malamin boko ya gano shi da na'urar Turai, har an niƙa duwatsun da aka tsinta a wurin an ga ƙyalli. (Yaya ba za a gani ba? Daga tulin mahaƙa na kwaso su.) Na ce masa ya ƙara wuta.

Ban gane gonar ba. Dawar da na bari ta yi ja, saura kaɗan a sare, an tattake ta kwance. Rami nan, rami can, jar ƙasa tuli-tuli. Ga mutanen Anka, ga na Duza, ga waɗansu da ko Hausarsu ba irin tamu ba ce, har masu tuwo da masu rake sun kafa kasuwa a gefe. Baba yana zaune a gindin wata bishiya a bakin gonar, fartanya a kan cinyarsa. An ce ranar farko ya yi ta roƙo, ya yi ta haɗa su da Allah, babu wanda ya ji. Na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa kamar kullum, har da tambayar gajiyar hanya.

Maigari ya sa aka kira ni. Na rantse da duk abin da na sani babu zinare, ban taɓa neman zinare ba, madubin nan sama yake kallo ba ƙasa ba. Aka ce to me nake nema a sama? Na ce wani tarin taurari. Aka ce sunansa? Na ce Talatin da Uku. Zauren ya fashe da dariya. Maigari, wanda ke neman hanyar da zai kori mutanen nan, ya ce magana ta zo da sauƙi: bayan isha'i in kawo na'urar ƙofar gidansa in nuna wa kowa abin da na gani, kowa ya kama gabansa.

Sai da na fito na ɗaga kai na tuna. Wata ya wuce rabi, yana tsakiyar sama tun magariba. Da irin wannan hasken ko ƙaton madubi sai ya yi da gaske, balle nawa.

Amma na zo, don ba ni da mafita. Ƙofar gidan maigari ta cika maƙil, kowa ya haska ni da tocila ko waya. Na roƙe su su kashe fitilu mu zauna cikin duhu na ɗan lokaci. A garin da mutane ke kwana da takalmi a ƙafa saboda tsoron dare, ni nake cewa a kashe wuta a yi shiru. Wasu suka kashe, wasu suka ƙi. Na ciro hijabin matata a gaban surukina da duk dattawan gari na lulluɓa. Wata murya daga baya ta ce a ba amarya hanya. Na kai madubin daidai wurin, na san wurin kamar tafin hannuna, amma babu komai sai toka-toka.

Maigari ya leƙa, ya ce bai ga komai ba. Liman ya leƙa, ya koma wurin zamansa. Sai aka ce ai mai gona ya fi kowa haƙƙin gani. Baba ya taso a hankali, ya cire hularsa, ya ranƙwafa. Da hannuna na lulluɓa masa hijabin 'yarsa. Ya daɗe a haka.

Ya ce, “Ni ban ga komi ba.”

Ni kuma, don Allah ya nufa sai na ƙarasa kaina, na ce, “Baba, kada ka kalle ta kai tsaye. Ka kalli gefe, sai ka gan ta.”

Dariyar da aka yi har karnuka suka amsa. Baba bai yi ba. Ya yaye ƙyallen, ya miƙe, ya tambaye ni ko ni ina ganin ta yanzu. Na ce a'a, yau wata ya hana.

“In babu wata hwa, ƙaƙa take?”

Na faɗa masa gaskiya. Na ce wani ɗan fari-fari ne, kamar in mutum ya taɓa gilashi da yatsa mai maiƙo.

Ya gyaɗa kai, ya ninke hijabin da kyau ya miƙo mini. “To, madalla. Ita dai dawata, ko da wata ko ba wata kowa na ganin ta. Allah shi ƙara basira.”

Ya sa hularsa ya tafi gida. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Kada ka zaci abin ya tsaya nan. Mahaƙa suka ce ai ga shi, ƙarya ta bayyana: an ce ya nuna taurari ya kasa, ke nan zinaren yake ɓoyewa. Suka ƙara ƙaimi. Sai da suka kai ga fakon suka haƙa shi zurfin ya wuce tsayin mutum biyu, suka gaji don kansu, labarin wani rami ya ɓullo a wani gari, sannan suka kwashe suka bar mana ramuka da ledoji. Abin da aka tsinta na dawa a shekarar bai kai gidan ko tsakiyar rani ba. Hatsin gidana ya koma can, Luba ke ɗauka da kanta da magariba don kada a gani, kuma ba ta taɓa ce mini “ai na gaya maka” ba, sai dai ta daina tambayata labarin sama.

Ranin nan kaf in na tashi daga makaranta sai in ɗauki shebur in je cike ramuka. Baba yakan zo ya kama mini. Mun cike su, amma jar ƙasar ƙarƙashi ta hau sama, mai kyau ta tafi ƙasa, har yanzu rabin gonar sai dai a ce an shuka. Bai taɓa tayar da maganar ba, bai hana ni gidansa ba, in na gaishe shi yana amsawa. Abu ɗaya ne ya canza. Tun daren nan bai ƙara ce mini “ɗana” ba, Malam yake ce mini kamar kowa.

Madubin yana ƙarƙashin gado cikin bargonsa. 'Yan zauren namu sun yi ta yi mini barka da na ba su labarin na ga Talatin da Uku, wani har ya ce yana yi mini hassadar duhun garinmu. Ban ba su sauran labarin ba. Ni dai abin da na koya, in ka ga an fara matsa maka a kan tabarma saboda abin da ka san ba ka da shi, tashi tsaye tun a ranar ka faɗa da ƙarfi, dariyar yini ɗaya ce. Kuma duk wanda ya ce zai koyi kallon sama a wurina, kafin in nuna masa yadda ake kawar da ido gefe, sai na fara tambayarsa gonar wa zai tsaya a ciki.